Addu'a, Karatu da Hidima: Tarihin Kalmomi Uku a Bakin Kiristocin Ƙasar Hausa

Tun lokacin da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a shekarar 2025, nauyin da ke kan masu tsara ƙamus da masu shirya littattafan yaƙi da jahilci ya ƙaru ainun. Duk wanda ya zauna zai rubuta ma'anar wata kalma, tilas ne ya tambayi kansa a bakin wa ya ji ta, kuma ko akwai wani bakin da bai saurara ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne a jawo hankalin abokan aiki zuwa ga wani baki da ba a cika saurara ba, watau na Kiristoci masu magana da Hausa. A ƙasarmu jama'a ce ƴar kaɗan, don ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci gaba ɗaya ba su kai ɗaya bisa ɗari ba. Amma sun haura shekara casa'in da babban littafi na Hausar boko a hannunsu, suna karanta shi a gida da wurin taro, kuma wannan doguwar mu'amala ta bar alama a jikin harshen. Za mu bi sawun kalmomi uku da rayuwar addininsu ta ginu a kai: addu'a, karatu da hidima. Ba hukunci muka zo yi a kan aƙida ba, wannan aikin malaman addini ne. Namu shi ne mu ga yadda aka zaɓi kalmomin, da abin da aka bari, da abin da ya biyo baya.

Yaron Dambanas

Labarin ya faro ne daga wani Bajamushe mai suna J. F. Schön, ma'aikacin ƙungiyar mishan ta cocin Ingila da ake kira CMS. Ya shiga ayarin da Ingila ta aika kogin Kwara a 1841, tare da Samuel Ajayi Crowther, kuma a 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Abin da ya sani ya tsinta ne daga bakin bayin da aka ƴanta aka zaunar a Saliyo, mutanen da suka daɗe da rabuwa da gida. Aikinsa bai sami gindi ba sai da ya haɗu da wani yaro daga ƙasarmu.

Dorugu haifaffen Dambanas ne, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. An kama shi yana ƙarami aka sayar a Barno. A Kukawa matafiyin nan Overweg ya ƴanta shi, bayan mutuwar Overweg a 1852 kuma ya bi Barth a tafiye-tafiyensa har Tumbutu, daga bisani suka isa Ingila a 1855. Can ya zauna gidan Schön shekaru da dama, yana ba shi labaru da tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa, yana gyara masa magana. Daga wannan zama ne fassarorin farko na sassan Linjila da na Attaura suka fito a ƙarshen shekarun 1850, sai littafin nahawu a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880, da Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912, bayan ya yi aiki a makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa.

Abu biyu ya kamata mai bincike ya riƙe a nan. Na farko, Hausar da aka fara zuba Linjila a cikinta ta Damagaram ce, ta wani matashi da ya bar gida tun bai balaga ba. Na biyu ya fi wannan nauyi: mutumin da ya fara taimakawa wajen nemo kalmar Hausa ga wurare masu yawa da littafin ya kira masu bi bayi, shi kansa ya san kasuwar bayi da idonsa. Za mu komo kan wannan.

Fassarar Schön ba ta sami masu karatu a ƙasar Hausa ba, domin babu wanda ya san haruffan. Wanda ya kai aikin ga gaci shi ne likita Walter Miller, shi ma na CMS. Ya koyi Hausa a Tarabulus wurin alhazai da fatake, ya shiga ayarin Bishop Tugwell da Sarkin Kano Aliyu ya sallama a 1900, ya zauna birnin Zariya daga 1905, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Shi ne jigon kwamitin da ya haɗa ƙungiyoyin mishan dabam-dabam da mataimakansu Hausawa, wanda ya fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Wannan bugun ne ya tsallako iyaka. Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ta buɗe tasha a Damagaram a 1924, ta buɗe ta Tsibiri kafin shekarun 1920 su ƙare, daga nan ta bazu zuwa Maraɗi da Dogon Dutsi da wasu wurare. Ƴan Katolika kuwa sun kafu a Yamai a 1931 ta hannun Fada Faroud, amma jama'arsu ta farko akasari ma'aikata ne daga Dahome da Togo, kuma ƙarfinsu ya tafi ga makarantun Faransanci, saboda haka ba za mu tsaya a kansu ba.

Addu'a

Masu fassarar 1932 sun tarar da harshe da ya riga ya ƙoshi da kalmomin addini, bayan ɗaruruwan shekaru na Musulunci. Sun ɗebi da yawa ba tare da jinkiri ba: Allah, Ubangiji, annabi, manzo, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, azumi, wa'azi, Attaura, Zabura, Linjila. Har rabon littafin ma da sura da aya suka kira shi. Amma da suka zo kan ibadar da mai bi yake yi yana magana da Mahaliccinsa, sai suka tsallake salla suka ɗauki addu'a.

Dalilin a fili yake ga duk Bahaushe. Salla tana da lokaci, da alwala, da alƙibla, da raka'o'i, kuma da Larabci ake yin ta. Addu'a kuwa roƙo ce, ana yin ta da kowane harshe, a kowane hali. Abin da ƴan mishan na SIM da CMS suke koyarwa shi ne mutum ya yi magana da Allah da bakinsa, da kalmominsa, kuma sura ta 6 ta Linjilar Matiyu tana gargaɗin mai bi ya keɓe kansa in zai yi, kada ya yi don idon mutane. Addu'a ce ta dace da wannan. Sai dai zaɓin ya ɗora wa kalmar kayan da ba ta saba ɗauka ba. A bakin Musulmi addu'a reshe ce, salla ce gindi. A bakin Kirista addu'a ta zama gindin: ta ƙunshi roƙo, da godiya, da yabo, da furta laifi, har taron tsakiyar mako ma taron addu'a ake ce masa. Taron Lahadi kuwa aka ba shi sunan sujada, alhali mai yin ta a zaune yake a benci ko tabarma, goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Ƙamus ɗin da ya ce sujada ita ce sa goshi a ƙasa kawai, ya bar mai karatu cikin duhu ranar da ya ji an ce an tashi daga sujada ƙarfe goma sha biyu.

Wannan zaɓi ya bar baya da ƙura a zaman tare, kuma bai kamata a ɓoye ba. Da yake Kirista ba ya cewa yana salla, maƙwabcinsa ya sami hanyar cewa ba shi da ibada, tun da a maganar yau da kullum "yana salla" daidai yake da "yana da addini". Abin mamaki, kalmar da aka hana shiga ta ƙofa ta shigo ta taga: da ma'anarta ta biki, jama'a na cewa sallar Kirsimeti, har ana kai wa juna abinci.

Haka aka yi da sunan Annabi Isa. Bugun 1932 ya tsaya kan Yesu Kristi. Fassarar 1979 ta Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta riƙe Yesu, amma ta mayar da Kristi Almasihu, watau ta matso taki ɗaya wajen kalmar da Hausawa suka riga suka sani.

Karatu

Kada a ɗauka ƴan mishan ne suka kawo karatu da Hausa. Tun kafin su zo ana rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, Nana Asma'u ta tsara ƴan taru suna kai su ga matan ƙauyuka, kuma malamai na fassara Alƙur'ani da baki a wurin tafsiri. Sabon abin da ya zo shi ne wani irin karatu dabam: dogon zube, bugagge, mai sauƙin kuɗi, wanda ake so kowane mai bi ya mallaka, ya buɗe da kansa, ya fahimta ba tare da malami a tsakani ba. A ƙa'idar waɗannan ƙungiyoyi, littafin shi ne hukunci na ƙarshe, saboda haka wanda bai iya karanta shi ba imaninsa a hannun wani yake. Shi ya sa koyon haruffa ya zama sashe na shirin baftisma, ga manomi da matarsa duka.

Dokar ƴan mulkin mallaka ta taimaka ta inda ba ta nufa ba. Dokar 1922 da ta tsara makarantu masu zaman kansu da wa'azin addini a Afirka ta Yamma ta Faransa ta wajabta Faransanci a lakkwal, amma ta bar harsunan ƙasa a wurin ibada. Ma'aikatan SIM kuwa yawancinsu daga Amurka da Kanada suke, Faransancinsu ba shi da ƙarfi, hukuma kuma ba ta sakin jiki da su, balle a zamanin Vichy. Sai ya zamana abin da suka iya yi sosai shi ne koyar da karatun Hausa da sunan darasin addini. Ta haka aka sami, a Gobir da Katsinar Maraɗi da Arewa, wasu ƴan tsirarun talakawa masu karanta Hausar boko, shekaru da yawa kafin gwamnati ta fara yaƙi da jahilci a 1963, kafin kuma a buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973.

Abin da ya shafi masu tsara shirye-shirye kai tsaye shi ne wannan. Ciwon da ya daɗe yana damun aikinmu shi ne komawa gidan jiya: a koya wa mutum haruffa da rani, damina ta zo ta wuce, a dawo a tarar sun zube, domin ba shi da abin karantawa. Mai karatun majami'a bai faɗa wannan rami ba, kuma dalilin ba ya cikin hanyar koyarwa, wadda ba ta fi tamu ba. Yana da littafi mai sura 1189, ga littafin waƙoƙi a gefe. Yana da lokaci ajiyayye, da asuba ko bayan tuwon dare, da iyali za su taru a karanta ƴan ayoyi a yi addu'a. Yana da wurin da za a iya kiran sunansa ran Lahadi ya miƙe ya karanta a gaban jama'a, kuma kunyar yin tuntuɓe a nan ta fi kowace jarrabawa. Mata suna da nasu taron, zumuntar mata, inda ake haddace ayoyi a rera su. A ganina wannan shi ne sashen tarihin da ya fi cancanta a yi nazari a kansa, ko da mai nazarin ba ruwansa da abin da littafin ya ƙunsa.

Akwai kuma matsalar rubutu. Littattafan majami'a daga Nijeriya suke zuwa, da ƙa'idar can, tsofaffin ma da "ch" a maimakon "c". Bayan taron Bamako na 1966 ƙasarmu ta bi hanyar ninka wasali mai tsawo, ana rubuta "karaatuu" da "littaafii". Har zuwa taron Yamai na 1980 da ya daidaita rubutun ƙasashen biyu, ana iya samun gida ɗaya da rubutun Hausa iri biyu, ɗaya na cibiyar yaƙi da jahilci, ɗaya na ran Lahadi. Yau saura kaɗan ya rage, kamar ƴ da muke rubutawa inda su suke sa waƙafi a gaban y.

Hidima

A nan ne fassarar ta fi shan wuya, kuma a nan ne ta fi ban sha'awa. Sabon Alkawari da Girkanci yana da kalma ga bawa, wanda aka mallaka, yana da wata kuma ga mai yi wa wani aiki, asalinta mai kai abinci gaban masu ci. Duka biyun ana amfani da su a yabo: manzanni suna kiran kansu bayi, kuma an ce babba a cikin masu bi shi ne mai yi wa saura aiki. Hausa tana da bawa, da bara, da yaro, da hadimi, kowanne da matsayinsa a gidan sarauta da gidan attajiri. Bawan Allah ba shi da wata matsala, magana ce ta kowa. Matsalar tana ga mutum ya zama bawan ɗan'uwansa da son ransa, a ƙasar da tsofaffi suke tune da ranar da aka sayar da su ko iyayensu, kuma kalmar ɗa tana nufin mai ƴanci. Mutum kamar Dorugu ba zai ji wannan koyarwa da kunnen da Schön ya ji ta ba. Kuma da yawa daga masu bi na farko, a tashoshin Nijeriya musamman, ƴantattun yara ne da marasa galihu.

Mafitar da harshen majami'a ya samu ita ce raba aikin. Bauta ta tafi ga Allah. Abin da ake yi wa mutane ya zama hidima, kalmar da a Hausar kowa take nufin ɗawainiyar baƙi da biki da iyali, aikin da ba ya zubar da mutunci, har ma yana ƙara shi. Da wannan aka kira aikin fasto, da na mai bishara, da na matar da ke share ɗakin sujada, duk da suna ɗaya. Halin da ake so a yi ta da shi kuma aka kira shi tawali'u, daga Larabci, tare da ƙasƙantar da kai. Wannan na biyun ya fi kaifi, domin ƙasƙanci a Hausa abin gudu ne, wulaƙanci ne da wani yake yi maka. Da aka ce mutum ya yi wa kansa, sai maganar ta juye. Labarin da ake kafa hujja da shi yana sura ta 13 ta Linjilar Yahaya, inda Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa a daren ƙarshe. Bahaushe ya san kawo wa baƙo ruwa, ya san wanke ƙafarsa da kansa wurin alwala, amma malami ya durƙusa ya wanke ta almajirinsa, wannan ya saɓa wa duk tsarin girma da ya sani. Kalmar almajiri kanta, da aka zaɓa wa mabiyan goma sha biyu, ita ce ta ba labarin ƙarfi a Hausa, don kowa ya san wane ne yake yi wa wani aiki tsakanin malam da almajiri.

Koyarwar ta fito fili a aikin magani. An buɗe asibitin Galmi a 1950 ƙarƙashin likita Burt Long, a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, an kuma buɗe wurin jinyar kutare na Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. Kuturu a ƙasar Hausa yana da wurinsa, har da sarkinsa, ana ba shi sadaka, amma ba a cin abinci da shi. Wanke masa gyambo da hannu shi ne fassarar sura ta 13 da ba ta bukatar haruffa, kuma masu yin ta kullum akasari ƴan ƙasa ne, ma'aikatan jinya da sunayensu ba su shiga rahotanni ba. Wurin jinya ya zama wurin karatu kuma, don mai jinyar wata da watanni yana da lokacin koyon baƙi da wasali.

Gaskiya ta wajabta a faɗi ɗaya gefen. Magani yakan zo ne tare da wa'azi, abin da ya sa wasu suka ɗauke shi ciniki. Masu koyar da tawali'u kuma su ne masu riƙe da kuɗi da mota da yanke shawara. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda mishan ta yi nawa wajen ba ƴaƴan masu bi ilimi mai zurfi, tana ganin karatun littafi da noma sun ishe su, da yadda wannan ya zama abin ɓacin rai tsakaninta da ikilisiyar ƴan ƙasa da ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960. Kalmar da ake cewa babba ya sauko da ita, ana iya juya ta a ce ƙarami ya zauna inda yake.

Abin da ya rage a tattara

Harshen majami'a ya adana wasu tsofaffin kalmomi da suka fara ɓacewa a kasuwa. Jibi, watau abinci, yana nan da rai a cikin Jibin Ubangiji. Baiko ya sami ma'anar abin da ake sakawa a faranti ran Lahadi, ban da ta aure, zakka kuma ta zama ɗaya bisa goma na abin da mutum ya samu. Alheri da ƙauna sun ɗauki nauyin aƙida. Dattijo ya zama muƙami da ake zaɓa. Duk waɗannan suna bukatar shiga ƙamus ɗin ƙasa da alamar inda ake amfani da su, kamar yadda ake yi wa kalmomin maƙera da na mahauta.

Aikin yana da gaggawa. A tarzomar Janairun 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, littattafai suka tafi tare da su, kuma tsofaffin da suka koyi karatu da bugun 1932 suna ƙarewa. Ya kamata a nemi kofen da suka rage a Tsibiri da Danja da Galmi da Dogon Dutsi a ɗauki hotonsu, har da abin da masu su suka rubuta da hannu a gefen shafi. Ya kamata kuma a ɗauki muryar waɗannan tsofaffi suna karatu da ƙarfi. Rubutun Hausar gabas ce, mai "ne" da "ce" da "fari", bakin kuwa na Gobir ne ko na Arewa, mai "na" da "ta" da "hwari". Faifan zai nuna inda mai karatu yake bin takarda da inda yake bin bakinsa, kuma wannan ita ce tambayar da kowane malamin yaƙi da jahilci a jihohin Tawa da Maraɗi da Doso yake fama da ita a ajinsa.